Buɗaɗɗiyar Wallafa da Yarjejeniyoyin Kamfanonin Ɗab'i: Matsayin Malamin Kwaleji Mai Bincike a Kudancin Kano

1.0 GABATARWA

Abin da ya jawo rubuta wannan takarda ƙaramin al'amari ne da ya faru a ofishinmu. Wani ɗalibinmu na ajin ƙarshe, ɗan asalin Riruwai ta Ƙaramar Hukumar Doguwa, ya zaɓi ya rubuta kundinsa a kan tarihin haƙar kuza a garinsu da abin da haƙar ta bari a ƙasar noma da ruwan sha. Muka ce masa kafin ya tafi wurin dattawan da suka yi aikin haƙa, ya fara duba abin da masana duwatsu suka rubuta, gama duwatsun Riruwai ba baƙi ba ne a wurinsu. Tun 1958 Jacobson da MacLeod da Black suka yi bayaninsu a littafin da Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan ta buga a kan duwatsu masu kewayen zobe na Arewacin Nijeriya, sa'an nan a 1985 Kinnaird da abokan aikinta suka fitar da doguwar maƙala a kan ma'adinan wurin a mujallar Journal of African Earth Sciences. Yaron ya sami sunan maƙalar a wayarsa, ya karanta taƙaitaccen bayaninta, amma da ya nemi cikinta sai shafin mawallafin ya nuna masa farashi da dalar Amurka. Dutsen da aka yi rubutun a kansa kuwa yana hango shi daga ƙofar gidansu.

Wannan ita ce matsalar mai karatu, ita kuma aka fi sani. Domin maganinta ne aka fito da abin da za mu kira buɗaɗɗiyar wallafa, watau a buga sakamakon bincike a intanet yadda kowa zai karanta ba tare da ya biya ko kwabo ba. A 'yan shekarun nan hanyar da manyan jami'o'in duniya suka fi bi wajen cim ma wannan ita ce ƙulla yarjejeniya tsakanin cibiyar ilmi da kamfanin ɗab'i. Manufarmu a nan ita ce mu bayyana yadda waɗannan yarjejeniyoyi suke aiki, mu kuma nuna cewa ba su cire kwaɗon da ke ƙofar ilmi ba, sun dai ɗauke shi ne daga ƙofar mai karatu sun maƙala shi a ƙofar marubuci. Marubucin da muke nufi shi ne irinmu, malamin kwaleji wanda fagen bincikensa bai wuce Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ba.

2.0 YADDA ƘOFAR TA RUFE

Mujallun ilmi na farko sun fito ne a 1665, ɗaya a Faris ɗaya a Landan, kuma shekaru aru-aru ƙungiyoyin masana ne suka fi riƙe da wannan aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne 'yan kasuwa suka gane ribar da ke ciki. Kamfanin Pergamon na Robert Maxwell, wanda shi ne ya buga waccan maƙala ta Riruwai, yana cikin waɗanda suka buɗe wannan kasuwa, kuma a 1991 Elsevier ya saye shi da dukan mujallunsa. Wani nazari da Larivière da abokan aikinsa suka fitar a 2015 ya nuna cewa a cikin maƙalun 2013 da ke babban kundin Web of Science, fiye da rabi kamfanoni biyar kacal ne suka buga su, cikinsu har da Elsevier da Springer da Wiley da Taylor & Francis.

Sana'a ce mai ban mamaki idan aka dube ta da idon ɗan kasuwar Kurmi. Mai kawo haja, watau marubuci, ba a biyansa. Masu duba ingancinta, watau masanan da ke tantance maƙala, galibi su ma ba a biyansu. Sa'an nan a juyo a sayar wa jami'ar da take biyan albashin waɗannan mutane abin da suka rubuta. Ba abin mamaki ba ne da ribar sashen ɗab'in ilmi na kamfanin da ya mallaki Elsevier ta daɗe tana haura kashi 30 cikin 100 na kuɗin da yake shiga.

Mu a Nijeriya tun da wuri aka fitar da mu daga wannan ciniki. Da darajar naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, ɗakunan karatu da yawa suka kasa biyan kuɗin shekara na mujallun waje. Wanda ya shiga sashen mujallu na tsofaffin laburarenmu ba zai rasa ganin jerin kundaye da ya tsaya cak a waɗannan shekaru ba, kamar gini da aka bari a linta. Daga baya aka sami sauƙi ta shirye-shiryen da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi da mawallafa, HINARI na fannin lafiya a 2002 da AGORA na fannin noma a 2003, waɗanda aka haɗe su da wasu ƙarƙashin sunan Research4Life. Amma wannan taimako ne ga cibiyar da ta yi rajista, bai kai ga malamin sakandare a Ƙiru ko malamin gona a Tudun Wada ba.

Sanarwar Budafes ta Fabrairun 2002, da ta Balin ta 2003, su ne suka tsayar da ma'anar buɗaɗɗiyar wallafa. Daga nan hanyoyi uku suka fito, kuma domin sauƙin magana za mu ba su sunaye na gida. Akwai hanyar biya, inda marubuci ko cibiyarsa za su biya mujalla kuɗin bugu, ita kuma ta buɗe maƙalar ga kowa. Akwai hanyar rumbu, inda marubuci zai buga a kowace mujalla, amma ya ajiye kwafinsa a wani rumbun intanet da ke buɗe. Akwai kuma hanyar gayya, inda jami'a ko ƙungiyar masana za ta ɗauki nauyin mujalla, ba mai karatu ba marubuci babu wanda zai biya. Cikin hanyar biya akwai wani reshe da ya kamata a riƙe sunansa, shi ne mujallar ruwa-biyu: tsohuwar mujalla ce mai karɓar kuɗin shekara daga laburare, amma idan marubuci ya biya sai ta buɗe tasa maƙalar kaɗai, sauran su zauna a kulle. A kan irin waɗannan mujallu ne aka fi gina yarjejeniyoyin da muke magana.

3.0 YARJEJENIYAR KARATU DA BUGU

Jami'o'in Turai sun lura cewa suna biya sau biyu, kuɗin karatu daban kuɗin bugu daban, duk a aljihu ɗaya. Jamus ce ta fi kowa jan daga. Cibiyoyinta suka haɗu a ƙarƙashin wani shiri mai suna DEAL, suka ce ba za su ƙara ciniki ɗai-ɗai ba. Tun daga 2017 da yawa daga cikinsu suka ƙi sabunta rajistarsu da Elsevier, a Yulin 2018 kamfanin ya yanke musu hanyar karanta sababbin maƙalu, suka haƙura suka zauna a haka. A Janairun 2019 suka daidaita da Wiley, a Janairun 2020 da Springer Nature, duka biyun a kan yuro 2,750 kowace maƙala a mujallun ruwa-biyu. Elsevier bai sa hannu ba sai a Satumban 2023. Jami'ar Kalifoniya ta Amurka ita ma ta yanke hulɗa da Elsevier a 2019, aka dawo aka shirya a 2021. A Afirka, Masar ta ƙulla irin wannan da Springer Nature daga 2022, ƙungiyar laburaren jami'o'in Afirka ta Kudu mai suna SANLiC ita ma ta ƙulla da Wiley a wannan shekara.

Ga yadda abin yake aiki. Cibiyoyi za su biya kamfani dunƙulallen kuɗi, wanda galibi ake lissafa shi bisa yawan maƙalun da malamansu suke bugawa a shekara. Da wannan kuɗi malamai da ɗalibai za su karanta mujallun kamfanin, sa'an nan duk maƙalar da malaminsu ya rubuta aka karɓa za a buɗe ta ga duniya ba tare da ya ciro kome daga aljihunsa ba. A aikace, ranar da edita ya karɓi maƙala, sai kwamfutar kamfani ta tambayi marubuci sunan cibiyarsa, ta duba adireshin imel ɗinsa, idan sunan yana cikin jerin sai ta aika wa laburaren cibiyar ya tabbatar, shi ke nan. Idan sunan ba ya cikin jerin, sai ta ba shi zaɓi biyu: ko ya biya, ko a kulle maƙalar.

Adalci ne mu faɗi amfanin da muka samu, domin ba kaɗan ba ne. Duk maƙalar da Bajamushe ko ɗan Holan ya buga ta wannan hanya, malamin kimiyya a Kafin Maiyaki zai iya karanta ta a wayarsa idan yana da data, abin da shekara 20 da suka wuce sai mai ɗan'uwa a jami'ar waje. Sai dai akwai abubuwa biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, yarjejeniya sababbin maƙalun 'yan cikinta kaɗai take buɗewa, ba ta waiwayar tsofaffi. Abin da aka rubuta a kan yankinmu a shekarun da aka fi yin bincike a cikinsa, watau bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Audu Bako da kammala ta a 1974, yana nan inda yake. Maƙalar Riruwai ta 1985 tana hannun Elsevier. Binciken da Betterton da abokan aikinta suka buga a 1988 a kan cutar tsargiya a kusa da madatsun ruwa na Jihar Kano yana cikin mujallar da tsofaffin kundayenta suke hannun Taylor & Francis. Babu yarjejeniyar Jamus da ta shafi ɗayansu.

Na biyu ya fi nauyi. Mu ɗauka fitowa ɗaya ta wata mujallar aikin gona tana ɗauke da maƙalu biyu a kan ƙuduji, ciyawar nan da take shanye masara da dawa. Ɗaya wani masani ne a Turai ya rubuta daga gwajin da ya yi a ɗakin gwaji, ɗaya kuwa malamin kwaleji ne da ya yi damina uku yana auna gonaki a Doguwa. Dukansu sun tsallake tantancewa iri ɗaya. Ta Baturen za ta fito a buɗe domin jami'arsa tana cikin jeri, ta malamin kwalejin za ta fito a kulle. Malamin gonar da ke Tudun Wada zai iya karanta ta nesa, ba zai iya karanta ta maƙwabcinsa ba. Ɗalibin da ke haɗa kundi a Nairobi ko Ibadan shi ma wadda ta buɗu zai ambata. A tsohon tsari dukanmu a kulle muke, bambancin ya tsaya ga wanda zai iya sayen mabuɗi. A sabon tsari kuwa muryar wasu ta fito fili, tamu tana cikin ɗaki.

An yi wa waɗannan yarjejeniyoyi laƙabin na wucin gadi, wai gada ce da za a bi har mujallun ruwa-biyu su koma buɗaɗɗu gaba ɗaya. Bitar da hukumar Jisc ta Ingila ta fitar a 2024 ta nuna cewa in dai da saurin da aka gani tsakanin 2018 da 2022 za a ci gaba, manyan kamfanoni biyar za su ɗauki aƙalla shekara 70 kafin su gama juyar da mujallun. Ƙungiyar masu ba da kuɗin bincike da ta fito da shirin Plan S a 2018 ita ma ta daina tallafa wa irin waɗannan yarjejeniyoyi daga ƙarshen 2024. Gadar da za a yi shekara 70 ana tafiya a kanta, mu a wurinmu gari ce.

4.0 MARUBUCIN TUNTUƁA

Akwai wani sharaɗi da yake kusan cikin kowace yarjejeniya, wanda a ido ƙarami ne, amma shi ya fi shafar mu. Ba a duba cibiyar dukan waɗanda sunansu yake kan maƙala. Cibiyar mutum ɗaya ake dubawa, shi ne marubucin tuntuɓa, watau wanda ya aika da maƙalar, yake musayar wasiƙu da edita, kuma adireshinsa ne ake bugawa domin mai tambaya ya neme shi.

Mu sake ɗaukar misali. Malamin nazarin halittu ya yi shekara biyu yana shiga dajin Falgore yana ƙidayar itatuwan da ake sarewa domin gawayi, shi ya san masu gadin daji, shi ya san inda mota ba ta shiga da damina, shi ya kwana a Tudun Wada ya yi sammako. Ya haɗa kai da wani abokin karatunsa da ke digiri na uku a wata jami'a a Turai, wanda ya taimaka da hotunan tauraron ɗan'adam da lissafi. Da aka zo aikawa sai abokin ya ce, da gaskiyarsa kuma, idan aka sa shi a matsayin marubucin tuntuɓa jami'arsa za ta biya, maƙalar ta fito a buɗe. Wa zai ƙi? Amma daga ranar nan duk wanda ya karanta ya so ƙarin bayani, ko ya so a haɗa sabon bincike, ko ya so gayyatar mai jawabi a taro, wasiƙarsa Turai za ta tafi. Kundayen ƙididdiga da yawa suna lissafa maƙala ga cibiyar marubucin tuntuɓa, wasu kwamitocin ƙarin girma kuma suna ba wannan matsayi maki na musamman. Ba wanda ya cuci wani, ba wanda ya karya doka, amma binciken Falgore ya zama na wata ƙasa a idon duniya.

Mun ga irin wannan ya faru ga abokan aikinmu fiye da sau ɗaya, kuma ba mu ga laifin wanda ya yarda ba. Abin da muke ba da shawara kawai shi ne a yi maganar tun kafin a shiga daji, ba ranar aikawa ba. Wasu mujallu suna yarda a buga sunan marubutan tuntuɓa biyu, ko da yake wajen biya wanda ya aika ne ake dubawa. Inda aka yarda da haka, sai malamin gida ya tsaya a kan a sa adireshinsa, ya kuma riƙe matsayin suna na farko idan shi ya yi aikin fage.

5.0 FARASHI DA RANGWAME

To, me zai hana malami ya biya da kansa? Lissafi ne zai hana. A Nuwamban 2020 mujallar Nature ta sanar da farashinta na buɗe maƙala ɗaya, yuro 9,500, watau dala 11,390. Wannan ƙololuwa ce, amma dala 3,000 ba baƙon farashi ba ne a mujallun ruwa-biyu. A 2024, sa'ad da dala ɗaya take kusan naira 1,500, dala 3,000 ta kama naira miliyan 4 da rabi. A shekarar nan ne aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000, ke nan kuɗin buɗe maƙala ɗaya ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara biyar.

Kamfanonin za su ce akwai yafiya da rangwame ga ƙasashe matalauta, kuma akwai. Amma Nijeriya tana faɗawa ne a tsakiya, ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko. Yawancinsu da rabe-raben Bankin Duniya suke aiki, shi kuwa ya sa Nijeriya a rukunin masu matsakaicin samu na ƙasa-ƙasa, ba na matalauta ba. Springer Nature ya taɓa gindaya cewa cikakkiyar yafiya ta ƙasashe matalauta ce, rangwamen rabi kuwa sai ƙasar da take rukuninmu amma jimillar arzikinta na shekara bai kai dala biliyan 200 ba. Arzikin Nijeriya a lokacin ya ninka haka, saboda haka malamin Maraɗi ya sami yafiya, na Kano bai sami ko rabi ba, alhali kuwa man fetur ɗin da ya kumbura lissafin bai taɓa biya wa malamin kwaleji kuɗin bugu ba. Har wa yau, yafiyar galibi ta tsaya ne ga mujallun da suke buɗaɗɗu gaba ɗaya, ba ta shiga na ruwa-biyu. Akwai masu sassauci, alal misali Maɗaba'ar Jami'ar Kambirij da ta fara wani shiri a 2023 na yafe wa marubutan ƙasashe fiye da 100. Da yake jerin ƙasashe yana canzawa shekara-shekara, tilas marubuci ya duba shi a ranar da zai aika, ya kuma nemi yafiya tun a lokacin aikawa, gama mujallu da yawa ba sa sauraron roƙon bayan an karɓi maƙala.

Wannan giɓi ne mujallun damfara suka samu suka shiga. Malami yana bukatar maƙalu domin ƙarin girma, kwamiti yana son ya ga wadda aka buga a waje, babbar mujalla ta fi ƙarfinsa, sai ga wasiƙa ta faɗo imel ɗinsa daga wata mujalla mai dogon suna tana alkawarin bugu cikin mako biyu a kan dala 50 ko 100. A 2013 John Bohannon ya gwada su, ya aika da maƙalar bogi mai cike da kurakurai ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Kada kuma a ɗauka cutar ta tsaya ga ƙananan 'yan damfara: a 2023 sai da aka janye maƙalu fiye da 8,000 daga mujallun Hindawi, wanda Wiley ya saya a 2021. Duk tsarin da ribarsa take ƙaruwa da yawan abin da aka karɓa, to tantancewa tana cikin haɗari. Mu kanmu a farkon aikinmu mun taɓa faɗawa hannun irin waɗannan, muka biya, aka buga, bayan shekara biyu muka nemi shafin muka tarar babu shi babu alamarsa, da shi da aikin wata shida da muka yi a makarantun firamare na Bebeji.

6.0 ABIN DA KE HANNUNMU

Hanyar rumbu ita ce mafi arha, ita ce kuma muka fi sakaci da ita. Yawancin manyan mawallafa suna yarda marubuci ya ajiye kwafinsa na ƙarshe, watau wanda aka gyara bayan tantancewa amma kamfani bai tsara shi ba, a rumbun cibiyarsa, wani lokaci nan take, wani lokaci bayan wata 12 ko 24. Maganar ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. An yi taron bita a kanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 2008, Jami'ar Jos kuma ta buɗe rumbunta a 2009. Kwalejin da ba ta da nata ba ta da hujjar zama, gama akwai rumbun Zenodo da cibiyar CERN take riƙe da shi tun 2013, kyauta ne, yana kuma ba kowace takarda lambar da ba ta ɓacewa. Sharaɗi ɗaya ne: malami ya adana wancan kwafi na ƙarshe, ya kuma karanta takardar miƙa haƙƙi kafin ya sa hannu.

Hanyar gayya kuwa muna da tushenta. Dandalin AJOL, wanda aka fara a 1998, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawa a cikinsa. Mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero, BAJOPAS, tana can a buɗe. Ƙasashen Latin Amurka sun riga kowa a wannan, da dandalin SciELO da Birazil ta kafa a ƙarshen shekarun 1990, suka nuna cewa mujallar gida da harshen gida za ta iya zama abin ambato a duniya idan hukuma ta tsaya mata. Kusan kowace kwaleji tamu tana da mujalla, amma kwafi nawa ake bugawa, kuma ina suke ƙarewa? Marubuta su karɓi nasu domin fayil ɗin ƙarin girma, saura su yi ƙura a kabad ɗin edita. Ga fannin Hausa abin ya fi zafi, domin babu wata yarjejeniyar Elsevier ko Wiley da za ta taɓa buɗe Harsunan Nijeriya ko Harshe ko Algaita ko Ɗunɗaye. Waɗannan ba su cikin hajar kowane kamfani, mu ne kaɗai za mu iya buɗe su.

A nan ne maganar TETFund take shigowa. Dokar 2011 da ta kafa asusun ta ware wa kwalejojin ilmi kashi ɗaya cikin huɗu na rabon, kuma cikin ayyukansa akwai tallafin bincike da tallafin buga mujallun cibiyoyi. A ganinmu ya kamata wannan tallafi na mujallu ya zo da sharaɗin a sa kowace fitowa a intanet a buɗe, a kuma nemi shigar da ita kundin DOAJ, wanda tun 2003 yake tace buɗaɗɗun mujallu masu bin ƙa'ida. Idan kuma wata rana za a zauna da manyan kamfanoni da sunan ƙasa baki ɗaya, to akwai darasi a Indiya, wadda daga Janairun 2025 ta fara biya wa cibiyoyin gwamnati fiye da 6,000 kuɗin karanta mujallun mawallafa 30 a dunƙule, ta kuma sa kwalejoji cikin jerin, ba jami'o'i kaɗai ba. Ko mene ne ra'ayin mutum game da tsadar wannan ciniki, abin lura shi ne jerin sunayen. Kwamfutar kamfani ba ta san cancanta ba, suna kawai take nema, kuma kwalejin da ba a rubuta ba ranar sa hannu ba za a tuna da ita daga baya ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta lasisi, wadda marubutanmu suke wucewa da sauri ba tare da sun karanta ba. Buɗaɗɗiyar maƙala tana fitowa ne da ɗaya daga cikin lasisan Creative Commons. Wanda ake kira CC BY ya yarda kowa ya kwafa, ya rarraba, ya kuma fassara, muddin ya ambaci mai ita. Wanda aka ƙara wa haruffan ND kuwa ya hana rarraba duk wani abin da aka sarrafa daga maƙalar, fassara tana ciki. Ga Bature wannan bambanci ba shi da nauyi sosai. Ga mu kuwa shi ne kan maganar, domin manomin rani da ke shan ruwan Tiga, da ungozomar da ke Ƙiru, da mai unguwar da ke bakin Falgore, ko an buɗe musu maƙala da Ingilishi ba a buɗe musu kome ba. Sai an mayar da ita Hausa, an karanta a rediyo ko an buga a 'yar takarda, sa'an nan ta iso. Ɗalibinmu na Riruwai daga baya ya sami kwafin waccan maƙala ta hannun wani da ke karatu a waje, ya yi amfani da ita a kundinsa, amma ba shi da ikon fassara ta ya raba wa mutanen garinsu sai da izinin mai haƙƙi.

Saboda haka muna miƙa roƙo ga kwamitin da zai tace takardun wannan taro. Kundin taron Hausa na ƙasa da ƙasa da aka yi a Jami'ar Bayero a 1978 har yau ana nemansa, ɗalibai suna yin hoton hoton kwafinsa har rubutun ya dushe. Muna roƙon kundin bana, bayan kwafin da za a ɗinka, a sa shi a rumbu a buɗe, kowace takarda da lambarta, a kuma rubuta lasisin CC BY a shafin farko bayan an nemi yardar marubuta. Mu dai mun ba da tamu yardar a kan wannan takarda.